Kuɗin Sallamar Ya Falmata

Ranar da aka sallami Ya Falmata daga gidan Alhaji Inuwa da ke unguwar Barunde, ba wanda ya ce mata an kore ta. Cewa aka yi ta je gida ta huta.

Tana tsaye a kicin tana tuƙa tuwo jiri ya ɗebe ta. Ta saki muciya ta dafa bango. Ƙafafunta sun daɗe a kumbure, har takalmin roba ya daina shiga. Hajiya Batul, matar gidan, ta ji ƙauri ta leƙo.

"Falmata, wannan ba aiki ba ne. Jiya gishiri ya yi yawa, yau tuwo ya kama. Ki je ki huta, in kin ji sauƙi ma yi magana."

"Hajiya, zan iya. In na samu kujera na zauna zan iya."

"A zaune ake tuƙa tuwon mutum ashirin? Don Allah ki tafi. Ba na so ki faɗa wuta a ce a gidana ne."

Kafin mako ya zagayo an ɗauko wata mai girki daga Kaltungo, sunanta Margaret. Tukwanen da Ya Falmata ta yi shekara tara tana wankewa suka koma hannun wata, gidan ya ci gaba da cin abincinsa a kan lokaci.

Akwai takarda tsakaninta da gidan. Lokacin da rikici ya koro ta daga Borno, wata ƙungiyar mata ce ta nema mata aikin, kuma ƙungiyar ba ta ba da mai aiki sai an rubuta yarjejeniya. Alhaji ya sa hannu, Hajiya ta sa hannu, ita ta dangwala. Abin da ke ciki a fili yake: in aiki ya ƙare saboda ciwo ko tsufa, za a biya ta albashin wata guda a kan kowace shekarar da ta yi. Albashinta dubu talatin. Ƙungiyar ta daɗe da watsewa, amma takardar tana nan, kuma daga farkon maganar nan har ƙarshenta ba wanda ya taɓa musunta ta.

Ƙaninta Wakil, mai wankin hula a unguwar Jekadafari, shi ya kai ta asibiti. Aka ɗebi jini, aka ɗebi fitsari, aka ce su dawo. Da suka dawo likita ya zaunar da su ya ce ƙodojinta sun kasa, amma ba su mutu gaba ɗaya ba. In aka samu aka yi mata wankin ƙoda a jere na wasu makonni ba tare da yankewa ba, yana sa ran za su farfaɗo. In aka yi ta yi ana tsayawa, to kada su zarge shi.

"Nawa ne wankin?" in ji Wakil.

Likita ya faɗa. Wanki ɗaya ya fi albashinta na wata.

A cikin keke mai ƙafa uku, a doguwar hanyar Tumfure, inda take zaune a ɗaki guda na wani gida da ba a gama ginawa ba, Wakil ya yi ta lissafi da yatsu. Ya juyo ya ce, "Ya, kuɗin sallamarki za su kai mu. In na haɗa da abin da zan samo, za su kai mu. Gobe zan je Barunde."

"Ka je da ladabi," in ji ta. "Mutanen kirki ne. Mantawa suka yi."

Ya je da ladabi. Ya cire takalmi tun daga ƙofar falo, ya durƙusa ya gaishe da Hajiya, ya faɗi abin da likita ya ce. Hajiya ta yi salati, ta dafe ƙirji, ta ce wallahi Falmata kamar 'yar'uwa take a wurinta. Da ya ambaci kuɗin sallama sai fuskarta ta sauya.

"Sallama kuma? Wa ya sallame ta? Hutu na ce ta je ta yi. Kuɗin sallama ai na wanda ya bar aiki ne."

"To Hajiya, in hutu take, albashin watan nan fa?"

"Albashi ai na wanda ke aiki ne, Malam Wakil. Ga wadda ke aikin can a kicin, ita ma da bakinta."

Wakil ya dubi kafet. Hajiya ta ce maganar kuɗi dai ta Alhaji ce, kuma Alhaji yana Kano, kayansa sun maƙale. Ta sa aka zubo masa shinkafa a leda ya kai wa mara lafiya. Shinkafar da gishiri da magi, abin da likita ya hana ta ci.

Ya koma bayan mako. Alhaji ya dawo amma yana barci. Ya sake komawa. Alhaji ya fito zai shiga mota, ya amsa gaisuwa ta gilashi, ya ce a bari azumi ya shigo, yanzu kansa ya ɗau zafi. Azumi ya shigo. Aka ce a bari a sha ruwa goma, hidima ta yi yawa.

Duk wannan lokaci ciwo bai jira kowa ba. Wakil ya ranto a wurin abokan sana'a aka yi mata wanki na farko. Ya sayar da wayarsa mai kyau aka yi na biyu. Daga nan aka tsaya. Kumburin ya hau daga ƙafa zuwa ciki, fuskarta ta cika har idanun suka ƙanƙance. Abin da ta ci sai ta amayar. Ba ta iya kwanciya, sai a jingine da bango, don in ta miƙe numfashi ƙin fita yake. Fatar jikinta ta riƙa yi mata ƙaiƙayi, tana sosawa har jini. Matar da ta saba ɗaga tukunyar biki ita kaɗai, yanzu buta ma sai maƙwabciya ta ɗauko mata.

A goman ƙarshe na azumi Hajiya ta kira ta a waya.

"Falmata, ya jiki? Gobe bayan la'asar Alhaji zai raba zakka. Na sa an sa sunanki. Ki daure ki zo da kanki, kin san shi, hannu da hannu yake bayarwa."

Ya Falmata ta daɗe riƙe da wayar bayan an kashe. Tun da take ba ta taɓa zama a layin zakka ba. Ko a sansanin gudun hijira ta fi son ta yi wa mutane wankau a biya ta. Amma ranar numfashinta sama-sama yake, kuma ba ko sisi a ɗakin. Ta ce wa Wakil ya samo keke.

An kafa rumfa a ƙofar gidan, maza a gefe, mata a kan tabarmi a ɗaya gefen. Ta nufi ƙaramar ƙofar da ta saba bi zuwa kicin, maigadi ya tare ta yana sunkuyar da kai.

"Ya Falmata, yi haƙuri. Hajiya ta ce duk masu karɓa a waje za su zauna."

Ta zauna a waje. Matan da ke kan tabarmar sun san ta, ita ce ke fito musu da ragowar abinci kowace Juma'a. Wata tsohuwa ta matsa mata wuri, ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ikon Allah. Ke ma?"

"Ni ma, Inna."

Alhaji Inuwa ya fito cikin farar shadda, babban ɗansa Abdulrasheed yana biye da shi yana ɗaukar hoton bidiyo da waya. Ana kiran suna, ana miƙa ambulan, ana addu'a. Da aka zo kanta Alhaji ya tsaya, ya zaro wata ambulan daga aljihun gaba, wadda ta fi sauran kauri, ya ɗaga murya.

"Wannan 'yar gida ce. Shekara da shekaru tana tare da mu. Nata daban ne."

Jama'a suka ɗauki kabbara. Ya Falmata ta yunƙura da ƙyar ta durƙusa, ta karɓa da hannu biyu. Ta yi masa addu'a, ta yi wa iyayensa, ta yi wa 'ya'yansa, hawaye na zuba. Ba ta buɗe ambulan ɗin ba, ba ta tambayi ko na mene ne ba. Wace mace mai tarbiyya ce za ta buɗe kyauta a gaban babban mutum, ko ta ce masa wannan kuɗin na wane lissafi ne? An ce mata zakka, ta zo layin zakka, ta karɓa tare da masu karɓar zakka. Laifinta ke nan, in laifi ne.

Dubu sittin ne a ciki. Aka yi wanki ɗaya, aka sayi magani. Ranar Sallah ta ci tuwo ya zauna mata, har ta taka zuwa ƙofar gida tana kallon yara da sababbin kaya. Likita ya ce abin da yake faɗa ke nan, jikinta yana amsawa, kada a sake a yanke.

Saboda haka bayan Sallah ta shirya ta je Barunde da kanta, da takardarta a cikin leda. Wannan karon an bar ta ta shiga falo. Hajiya na zaune tana cin dambun nama, ƙafa a kan ƙaramin tebur. Suka gaisa, aka yi barka da Sallah. Ya Falmata ta sake godiya a kan zakka, sannan ta ce ta zo ne a kan kuɗin sallamarta, don likita ya ce makonnin nan su ne masu muhimmanci.

Hajiya ta ajiye faranti.

"Wane kuɗi kuma? Ba an ba ki ba?"

"Yaushe, Hajiya?"

"Au! Ambulan ɗin da Alhaji ya ba ki a gaban jama'a fa? Kin ga an ba wani irinta? Sauran dubu biyar-biyar aka ba su. Ke aka ware miki naki saboda sallamarki ce."

"Hajiya, a waya zakka kika ce mini."

"Zakka ce mana. Kuma ita ce sallamar. Kuɗi ai kuɗi ne, Falmata. Da kika kai asibiti sun tambaye ki sunansu?"

Ta ɗauko wayarta ta lalubo bidiyon, ta juya mata shi. Ga Ya Falmata a durƙushe, hannu biyu a sama, tana kuka tana addu'a.

"Ga ki nan. Wannan fuskar wadda aka zalunta ce? Mutum ɗari sun ga kin karɓa kin gode. Yanzu kuma ki dawo ki ce ba a ba ki ba? Haba Falmata. Ban san ki da haka ba. Ko ƙanin nan naki ne ke zuga ki?"

Ana cikin haka Alhaji ya shigo. Ya saurara a tsaye, yana jan carbi. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗaga murya.

"Baiwar Allah, ni ba na cin haƙƙin kowa. Ki tambaya a kasuwa. Na duba halin da kike ciki na fitar miki da kaso mafi tsoka. In kin raina, ki ce kin raina."

"Alhaji, ban raina ba. Allah ya ƙara arziki. Amma takardar ta ce wata guda a kowace shekara. Ba roƙo na zo ba, Alhaji. Gumina ne. In ban samu ba mutuwa zan yi."

"Mutuwa da rayuwa na hannun Allah," in ji shi. "Kada ki yi saɓo a falona."

Ya haye sama. Hajiya ta ce a ba ta ruwa ta sha kafin ta tafi. Ruwan ma likita ya ƙayyade mata shi.

Wakil ya kai maganar wurin Malam Hudu, limamin masallacin unguwar su Alhaji, ya roƙe shi ya shiga tsakani. Malam ya sa rana. Aka taru a zaurensa bayan azahar, da Alhaji da dattawan unguwa uku. Wakil da mai keke ne suka riƙo Ya Falmata suka shigo da ita, don a lokacin ta kwana biyu rabonta da wanki, ƙafafun ba sa ɗaukarta. Aka jingine ta a lungu bayan ƙofa.

Malam Hudu Bafulatani ne, ya so ya sassauta zaman da wasan da ke tsakaninsu da Barebari.

"Kai Babarbare, bawana, kai ne ka tara manyan gari da rana tsaka? Hulunan mutane fa, wa ka bar wa?"

Da wata rana ce, da Wakil ya rama. Ranar cewa ya yi, "Allah gafarta Malam, yau ba ni da bakin wasa. Yayata ce ke mutuwa."

Malam ya gyara zama. Aka karanta takarda, Alhaji ya ce sa hannunsa ne, bai musa ba. Ya ce ya biya, ya faɗi rana, ya faɗi shaidu. Malam ya tambaye shi, kuɗin nan da ya ba ta, ya lissafa su a cikin zakkarsa ta bana?

"Na lissafa, Malam. Ai miskiniya ce, ta cancanta."

"Kuma ka lissafa su a matsayin sallamarta?"

"Haka ne."

Malam Hudu ya girgiza kai. "Alhaji, wannan bai yiwu ba. Zakka ba kuɗinka ba ce. Haƙƙin talaka ne da Allah ya ajiye a cikin dukiyarka. Kuɗin sallama kuwa bashi ne a wuyanka. Ba a biyan bashi da abin da ba naka ba. Ba a haɗa su. In zakka ka ba ta, tana bin ka sallama. In sallama ka ba ta, ba ka fitar da wannan kason na zakka ba."

Wakil ya sauke ajiyar zuciya, ya waiga ya dubi yayarsa. Ta ɗaga hannu sama tana motsa baki.

Carbi ya tsaya a hannun Alhaji. Ɗan kasuwa ne, kuma a cikin maganar Malam ya hango ƙofa biyu, ɗaya ta fi ɗaya araha.

"Astagfirullah," in ji shi. "Malam, Allah ya saka maka, ka tsamo ni daga wuta. Jahilci ne. To jama'a ku shaida, abin da na ba ta sallama ce. Zakkar kuwa zan sake fitar da ita ranar Juma'a, cif, har da ƙari. Ba zan haɗu da Ubangijina da nauyin zakka a kaina ba."

Dattawa suka ce Allahu Akbar. Ɗaya ya ce irin su Alhaji sun yi ƙaranci a wannan zamani.

Wakil ya miƙe a kan gwiwoyinsa. "To mun ji. In sallama ce, dubu sittin aka ba ta. Takarda ta ce dubu ɗari biyu da saba'in. Saura fa?"

"Saura?" Alhaji ya juyo ya dube shi a karon farko. "Tunda lissafi kake so, mu yi lissafi. Shekara tara, kullum da yamma tana tafiya da kwanon abinci gida. Wa ya biya? Atamfar Sallah, ƙarama da babba, wa ya saya? Shekarar da ta yi zazzaɓin taifot, wa ya kai ta asibiti? Ranakun da ta yi ta fashi kafin ta tafi, an yanke mata ko kwabo? In na bi wannan duka, ita ce za ta ciko mini. Amma ni ba zan bi ba."

Daga lungu muryar Ya Falmata ta fito, a sarƙe. "Alhaji, abincin nan ragowa ne. Hajiya ce ke cewa in ɗauka kada ya lalace. Atamfar kuma cewa kuke kyauta ce. Ina godiya, kuna cewa ba komai."

"To yanzu ya zama komai, tunda kin kawo ni gaban mutane."

Kowa ya dubi Malam Hudu. Ya san ba a canza niyyar ibada bayan an gama ta. Ya san kyauta ba ta komawa bashi don mai bayarwa ya ji haushi. Duk ya karanta wannan, yana ma karantar da shi bayan sallar asuba. Amma fankar da ke juyawa a kansa da wutar sola take aiki, kuma wanda ya sa solar yana zaune a gabansa. Ya duƙar da kai ya shafa gemu.

"To, a yi haƙuri da juna. Zaman tare ya wuce haka. Alhaji, don Allah ka duba ta, ko ba don takarda ba."

"Zan duba, Malam."

Aka shafa fatiha. Rabin gaskiya aka faɗa a zauren nan, kuma rabin da aka faɗa shi aka ɗauka aka buge ta da shi.

Wakil ya samu wani lauya a kusa da kotu ya nuna masa takardar. Lauyan ya ce magana ce mai ƙarfi, za a iya cin nasara. Ya faɗi kuɗin shigar da ƙara, ya ce a sa rai da watanni, wataƙila shekara, in ɗaya ɓangaren ya riƙa neman a ɗaga zama. Wakil ya karɓi takardarsa ya fito. Ya sayar da dutsen gugarsa da gumakan ɗora hula, wato ya sayar da sana'ar tasa ɗungum. Kuɗin ba su kai na wanki ɗaya ba.

Ranar Juma'a da safe Ya Falmata ta ce ya kai ta Barunde.

"Ya, me za ki je yi? Bayan abin da suka yi mana?"

"Ya ce zai sake raba zakka. Ni miskiniya ce, shi da bakinsa ya faɗa. Kunyar ta ƙare mini, Wakil. Ina son in rayu. Ka kai ni."

Taron ya fi na azumi cika, don labari ya zaga cewa Alhaji Inuwa zai fitar da zakka karo na biyu a shekara guda saboda tsoron Allah. Wakil ya shimfiɗa mata ɗankwali a ƙarshen layi ya jingine ta da katanga. Rana ta buɗe. Bakinta ya bushe, ba halin ta sha ruwa. Aka yi ta kiran suna, layi yana raguwa, har tabarmi suka koma wayam. Ba a kira ta ba.

Hajiya ta leƙo ta ƙaramar ƙofa, mayafi a kafaɗa. Wakil ya taso da sauri.

"Hajiya, an manta da ita. Ga ta can tun hantsi."

"Ba a manta ba. Kana wurin ai Malam ya yi magana. Cewa ya yi kada a haɗa zakkarmu da maganar Falmata. In muka ba ta yau, gobe ku ce mun sake haɗawa. Mu ba ma saɓa wa malamai."

"Hajiya, ba haka ya ce ba! Wallahi ba haka ya ce ba!"

"Kada ka yi mini ihu a ƙofar gida. Ka ɗauke ta daga rana, ba ka ganin halin da take ciki? Ku ba ku da tausayi ne?"

Ta rufe ƙofa. Can sai ga Margaret ta fito da bokitin shara, ta waiga, ta tsuguna kusa da Ya Falmata kamar mai gyara takalmi, ta cusa mata dubu biyu a hannu.

"Mama, yi haƙuri, abin da ke gare ni ke nan." Ta yi ƙasa da murya. "Ni ko takardar ma ba su rubuta mini ba. Hajiya ta ce takarda ce ke kawo rigima."

Kuɗin keke suka yi da dubu biyun.

Da suka koma asibiti bayan an haɗa kuɗin wanki ɗaya daga masallatan Jekadafari, likita ya duba sakamakon jini ya ajiye. Ya ce an yanke da yawa. Ƙodojin sun tafi. Yanzu sai dai wanki har iyakar rai, ko dashe. Bai tambaye su ko suna da hali ba, ya ga takalmin Wakil.

Kada wani ya ce talauci ne ya kashe matar nan, ko ciwo, ko ƙaddara kawai. Tana da kuɗin maganinta. Ta yi aikinsu shekara tara a gaban wuta, an rubuta, an sa hannu. Kuɗin suna nan a Barunde, a gidan da kuɗin man janareta na wata ya fi su. Ba ɓarawo ne ya tare ta a hanya ba. Mutanen da ta dafa wa sahur ne suka riƙe, suna salla, suna azumi, suna fitar da zakka a gaban kyamara. Kuma gidaje irin wannan ba ɗaya ba ne a garin nan. A ɗauki mace tana da ƙarfi, a kira ta 'yar gida don kada ta yi maganar haƙƙi, ranar da jikinta ya gaza a tuna cewa bare ce, har loma ɗaya da ta ci a lissafa mata.

Ta rasu ranar wata Talata da hantsi, a jingine da bangon da ko filasta ba a yi masa ba. Aka yi mata sutura a Tumfure, aka fito da ita filin da ke tsakanin gidan da gonar masara. Mutane ba su da yawa. Ana shirin tsayawa sai ga motar Alhaji Inuwa, shi da Malam Hudu. Aka buɗa musu suka shiga sahun gaba.

Kafin a ta da salla, limamin Tumfure ya ce waliyyinta ya yi sanarwar bashi kamar yadda aka saba. Wakil ya fito ya tsaya kusa da makara. Idanunsa sun yi ja.

"Jama'a, duk wanda ya san yana bin Falmata bashi, ya same ni, zan biya ko zan yi bara. Wanda kuma ya san tana bin sa, ga ta nan kwance. Ya ji tsoron Allah ya faɗa tun ba a rufe ta ba."

Ya tsaya yana kallon mutum ɗaya. Malam Hudu ya dubi yatsun ƙafarsa.

Alhaji Inuwa ya yi gyaran murya.

"Jama'a ku shaida," in ji shi. "Duk abin da ke tsakanina da baiwar Allahn nan, na yafe mata, duniya da lahira."

Daga sahun baya wani da bai san komai ba ya ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji." Wasu suka amsa da amin. Waɗanda suka sani ba su ce komai ba.

Liman ya ce a daidaita sahu, ya ɗaga hannu ya yi kabbara.